Harbin Kurciya a Bauchi: Tarihin Ladubbansa da Hanyoyin Kauce wa Haɗarinsa

Harbin kurciya shi ne mafi ƙanƙantar reshe a sana'ar farauta a ƙasar Bauchi, kuma shi ne ya fi kowane reshe kusa da gidajen mutane. Mai neman gada ko ɓauna sai ya nausa cikin dawa, wani lokaci ya kwana biyu ko uku bai haɗu da kowa ba. Kurciya kuwa tana masussuka, tana bakin rijiya, tana kan tsamiyar ƙofar gida. Wannan kusanci ne ya tsara ladubban harbinta tun asali. Mafi yawansu an kafa su ne don kare manomi da ɗan kiwo da mace mai ɗiban ruwa, da kuma dukiyar maƙwabci, sannan daga baya hakkin ita tsuntsuwar ya biyo.

Abin da ake kira kurciya a bakin 'yan birni ya haɗa tsuntsaye iri-iri. Akwai ƙaramar kurciya mai jaja-jajan ƙirji da ke tsince-tsince a tsakar gida. Akwai masu baƙin zobe a ƙeya, waɗanda suka fi son gonaki da bakin ruwa. Akwai bardo mai dogon bindi, da hasbiya mai jan da'ira a ido, wadda ke sheƙa a kogon dutse da kan giginya da ƙarƙashin rufin manyan gine-gine. Dukansu ƙwaya suke ci, gero da dawa da maiwa da 'ya'yan ciyawa, kuma mai cin busasshiyar ƙwaya ba ya wuni bai sha ruwa ba. Saboda haka suna da hanya da lokaci: da sassafe su fita kiwo, da hantsi da kuma la'asar sakaliya su gangara ruwa, da magariba su koma bishiyar kwana. Maharbi ba ya bin kurciya yana wahala. Yakan gano hanyarta ne ya zauna ya jira. Matsalar ita ce, a ƙasar da ruwa ke ƙaranci da rani, inda kurciya ke sha nan shanu ke sha, nan yara ke wanka.

Birnin Bauchi da kansa yana da alaƙa da maharba tun kafuwarsa. Ruwayar da ta fi yaɗuwa ta ce lokacin da Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kuma ɗaya daga cikin masu tutar jihadi, yake neman inda zai kafa hedikwatarsa, wani maharbi mai suna Baushe ne ya ba shi shawarar ya gina garin yamma da dutsen Warinje, shi kuwa Yakubu ya saka masa da sa wa garin sunansa. An kafa birnin a 1809, aka kewaye shi da ganuwa mai ƙofofi irin su Ƙofar Wunti da Ƙofar Ran da Ƙofar Wase da Ƙofar Nassarawa da Ƙofar Dumi. Ko yaya masana tarihi suka auna wannan ruwaya, tana nuna matsayin maharbi a wancan zamani: shi ya san inda ruwa yake, inda namun daji ke bi, da inda mayaƙa za su iya ɓuya. Gerawa da Jarawa da sauran al'ummomin da ke zaune a duwatsun yankin tun kafin jihadi duk suna da maharbansu, kuma kwari da baka makamin farauta ne wata rana, makamin yaƙi wata rana.

Al'ada ta raba masu neman nama gida biyu. Maharbi mutum ne mai sana'a, galibi ta gado, wanda ke fita shi kaɗai ko da yaronsa, da kibau masu dafin kwankwani da layu da sanin magunguna. Wasu kan ɗaura burtu a goshi su yi rarrafe har su kusanci dabba ba ta ankara ba. Shugabansu shi ne Sarkin Baka, kuma gare shi ake kai ƙara in rigima ta tashi. 'Yan farauta kuwa taron samari ne da ke fita da rani bayan an kawar da amfanin gona, da ganga da karnuka da gora da wuƙaƙe, su kewaye daji su tashi zomo da fakara da zabin daji. A wannan tsani kurciya tana matakin ƙasa. Babban maharbi ba ya ɓata kibiya mai dafi a kanta, kuma ba wanda ake yi wa kirari don ya kashe kurciya. An bar ta ga yara da matasa, ta zama makarantar da ake koyon haƙuri da saiti da sanɗa, da kuma dokokin da za su bi mutum har ranar da zai fuskanci babbar dabba.

Kayan aikin wancan lokaci ba su da wani haɗari mai yawa. Akwai asuta, tarkon zarge da ake yi da gashin wutsiyar doki a shimfiɗa a masussuka a watsa ƙwaya. Akwai tarkon ƙwarya ko kwando da ake tokarewa da ɗan itace a ɗaura zare. Akwai majajjawa, wadda masu tsaron gona ke korar tsuntsaye da ita, da ƙaramin baka na yara mai kibiyar kara. Danƙo, wanda yau aka ɗauka kamar tun fil azal yake, baƙo ne: bai yaɗu ba sai da kekuna da motoci suka kawo robar cikin taya a ƙarni na 20.

Duk da haka ladubban sun riga bindiga zuwa. Ba a shiga gonar mutum a ɗana tarko ko a yi harbi alhali amfani yana tsaye sai da izininsa, domin mai bin tsuntsu idonsa na sama, ƙafarsa kuwa na tattake gero. Tsuntsun da ya faɗa tarkon wani na mai tarkon ne, ko da wani ya riga shi gani. In mutum biyu suka harbi tsuntsu ɗaya, wanda ya fara samunsa shi ne mai shi. Wannan ƙa'ida ce ta haddasa yawancin faɗan da aka san 'yan farauta da shi, saboda a cikin ƙura da hayaniya kowa na rantsuwa shi ya fara. Wanda ya riga zama a bakin ruwa ba a zuwa a zauna gabansa a tare masa hanya. Ba a jifa cikin gidan mutane, balle a haura katanga ɗauko abin da ya faɗa ciki. Sallama ake yi a aika yaro. Ba a harbi a maƙabarta, ko da yake bishiyoyinta sun fi ko'ina tara kurciya. Sai kuma dokar da ta fi jawo shari'a tsakanin maƙwabta: tantabara dukiya ce mai ubangiji. Takan sauka kiwo tare da hasbiya a fili ɗaya, kuma wanda ya kasa bambance su kafin ya saki dutse, biya ya hau kansa.

Manya sun kuma hana taɓa kurciyar da ke kan sheƙa. Ƙwai biyu kacal take yi a kan 'yan tsinken da ta jera, uwa da uba suna karɓa-karɓa wajen kwanci na kusan mako biyu, kuma su biyun ke ciyar da 'ya'yan da wani farin ruwa mai kauri da ke fitowa daga maƙoƙonsu. Kashe ɗaya daga cikinsu a wannan lokaci kusan kashe 'ya'yan ne. Akwai kuma wata irin kunya da ake ji game da tsuntsuwar. Labarin da masu wa'azi da mawaƙan bege suka yaɗa, cewa tsuntsuwa irinta ta yi sheƙa a bakin kogon Saur lokacin hijirar Annabi (SAW), ya sa wasu tsofaffi ba sa son ganin an harbe ta, duk da cewa malaman hadisi sun yi magana kan ingancin ruwayar. A ɗaya gefen kuma sunanta ya shiga harkar tsibbu, inda ake cewa an yi wa mutum kurciya in ya bar gida ya shiga duniya bai waiwayo ba. Wannan ya sa wanda ke neman kurciya da rai, ba don nama ba, yakan gamu da kallon tuhuma.

Kafuwar masarauta ta ƙara wa waɗannan al'adu wani ginshiƙi, wato fiƙihun Malikiyya. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani da Mukhtasar na Khalil, waɗanda ake karantawa a zaurukan Bauchi kamar sauran biranen daular Sakkwato, duk suna da babi kan yanka da farauta. Hukuncin a taƙaice shi ne: farauta don ci ko sayarwa halal ce, don wasa kawai makaruhi ce. Ana ambaton sunan Allah lokacin sakin kibiya ko kare. Abin da aka samu da sauran rai sai an yanka shi. Abin da ya mutu da bugun abu marar kaifi, kamar dutse ko sanda ko dunƙulen laka, ko ya shaƙe a tarko, mushe ne. Abin da aka harba ya ɓace har ya kwana ba a gan shi ba, an yi magana kan barin cinsa. Daga nan ne wani hoto da duk wanda ya tashi a birnin ya sani ya samo asali: yaro a guje, riƙe da kurciya tana numfashi sama-sama, yana neman babba mai wuƙa kafin rai ya fita.

Hadisai sun taɓo ɓangaren kiyaye lafiya kai tsaye. An hana nuna ɗan'uwa da makami ko da wasa. An umarci mai wucewa da kibau ta kasuwa ko masallaci ya riƙe tsininsu kada ya yanki wani. An hana mayar da abu mai rai abin gwajin saiti. An kuma hana harba tsakuwa da yatsu, bisa dalilin cewa ba ta kashe abin farauta, sai dai ta fasa ido ko ta karya haƙori, dalilin da ya dace da danƙo kamar don shi aka faɗa. Kisan kuskure kuwa yana da diyya da kaffara. Da bindiga ta zo, malamai sun yi saɓani kan abin da harsashi ya kashe, har fatawar malaman Fas ta Maroko ta rinjaya a mazhabar, cewa ya halatta tunda dalma na huda jiki ta zubar da jini.

Bindiga ta daɗe tana shigowa ƙasar Hausa ta Sahara da kuma ta bakin teku, amma a ƙarni na 19 ta fi zama a hannun bayin sarki da mayaƙa. Yarjejeniyar Birasels ta 1890 ta taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, ta bar musu tsofaffin da ake ɗurawa ta baki. Bayan Turawan Ingila sun ci Bauchi a 1902 yaƙe-yaƙe suka lafa, bindigar toka ta koma kayan maharba da masu gadin gona, maƙera kuma suka iya ƙera ta da gyara ta. Bindiga mai baki biyu, mai harsashin kwali, ta zo tare da jami'an mulkin mallaka da ma'aikatan haƙar kuza na Jos, waɗanda harbin tsuntsu a iska wasan yamma ne a wurinsu. Daga baya sarakuna da manyan ma'aikata da attajirai suka ɗauka. A nan kurciya ta tashi daga abin yara ta zama abin harbin manya, haɗarin kuma ya canza kama.

Dokar gwamnati ta bi ta wata hanya dabam. Dokar kare namun daji ta 1916, da wadda Jihar Arewa ta kafa a 1963, sun mai da hankali ne kan manyan dabbobi da gandun daji da hana wasu hanyoyin farauta masu ɓarna. An keɓe gandun Yankari, a ƙaramar hukumar Alkaleri ta yau, a 1956, aka buɗe shi ga masu yawon buɗe ido a 1962. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. Ya koma hannun gwamnatin tarayya a 1991, ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006. A cikinsa, da gandun Lame-Burra, an hana harbin komai, giwa ce ko kurciya. A wajen gandun kuwa kurciya ba ta dami hukuma ba. Abin da doka ta sa wa ido shi ne makamin. Dokar bindigogi ta 1959 ta ce bindigar harbin tsuntsu da ta iska sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, ta toka kuma sha'aninta na hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. Ta hana ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda aka kama da laifin ta da hankali cikin shekara biyar da suka gabata. Sharuɗɗan suna da kyau a takarda, sai dai ba su koya wa kowa yadda ake riƙe bindiga ba. Wannan aikin ya ci gaba da zama a hannun uba da maigida da Sarkin Baka.

Bindigar toka ta fi cutar mai ita fiye da wanda ke gabanta, kuma yawancin ƙa'idojin da maharba ke koya wa yaransu daga raunukan da aka gani aka ciro su. Ana auna albarushi da ma'auni ɗaya da aka saba, ba a ƙarawa don ganin tsuntsaye sun yi yawa, domin bututun da maƙeri ya samo daga famfon ruwa ko sandar sitiyarin mota yana da iyakar abin da zai ɗauka. In ya fashe, hannun hagu da fuska ne ke biya. Ba a sake ɗuri nan take bayan harbi, saboda sauran garwashi a ciki na iya kama sabon albarushin alhali hannu na bakin bindiga. In an ja kunama ba ta tashi ba, ba a juyo ta a leƙa. Ana ci gaba da riƙe ta ta fuskar da ba kowa, a jira, don takan yi jinkiri sannan ta tashi. Ana sa alama a jikin sandar ɗuri don a gane ko akwai ɗuri a ciki, gudun kada a ɗura biyu. Ana duba baki bayan tsallake rafi ko faɗuwa, domin laka ko gidan zanzaro da ya toshe shi ya isa ya tsage ƙarfen. Ba a shan taba kusa da albarushi, ba a rataye bindiga da ɗuri a ɗaki mai yara, ba a jawo ta ta baki daga kan babur ko ƙarƙashin shinge.

Bindigar zamani ba ta cika fashewa ba, amma ta fi tsawon hannu. Ƙananan ƙwayoyin dalmar da ake harbin kurciya da su ba sa kashe tsuntsu da kyau bayan mita 30 zuwa 35, alhali suna iya tafiya mita 200 ko fiye, kuma a wannan nisa sun isa su tsiyaye ido. Shi ya sa masu harbi a taro, a Bauchi ne ko a gonakin Amurka da Ajantina inda harbin kurciya ya zama babbar harka, suka tsaya kan ƙa'ida guda: ba a harbin tsuntsun da ya yi ƙasa. Sai an ga sarari tsantsa a bayansa. Kowa ya san inda abokinsa ya zauna, ba wanda ke sauya wuri bai yi magana ba, kuma ba a bin tsuntsu da bakin bindiga har ya ratsa ta kan mutane. Ba a harbi saman ruwa ko kan fa, don ƙwayar na yin tsalle ta koma inda ba a nufa ba, abin lura sosai a gari mai duwatsu kamar Bauchi. In an tashi tafiya ko hira ana karya bindigar a cire harsashi. Hausawa na cewa harbi a wutsiya ya fi kuskure, amma a kan kurciya maganar ba ta zauna ba: harbin nesa yakan bar tsuntsu da karyayyen fiffike ya je ya mutu inda ba mai amfana, kuma maharbin kirki yakan daina harbi ya nemo wanda ya faɗi kafin ya ɗaga kai ga na gaba.

Abin da ya fi sauya lamarin a rabin ƙarnin da ya wuce shi ne girman garin. Tun da Bauchi ta zama babban birnin jiha a 1976 gine-gine suka tsallake ganuwa ta kowace ƙofa. Yelwa da Fadaman Mada da Gwallameji da hanyar Miri da ta Tirwun, inda dā gonaki ne da fadamu, sun cika da gidaje da makarantu. Bishiyar da kakan mutum ya yi harbi a ƙarƙashinta tana nan, kurciya na kwana a kanta, amma yanzu akwai taga a bayanta da wayar lantarki a gefenta. Mai son harbi sai ya fita wajen Gubi ko Zungur ko Liman Katagum, a can ma ya tarar da masu noman rani da makiyaya a bakin kowane ruwa. Yara kuwa sun rage da danƙo a cikin unguwa, babu masussuka, babu dattijon da ke zaune yana tsawatarwa, gilashin mota da idon ɗan maƙwabci suna kusa.

Wasu abubuwa biyu da magabata ba su yi lissafi da su ba sun shigo. Na farko dalma ce: guba ce ko kaɗan ne, musamman ga yara da masu ciki, kamar yadda annobar Zamfara ta 2010 ta nuna wa Arewa, ko da yake can daga haƙar zinariya ta fito. Tsuntsun da aka harba da ita sai an tsince ƙwayoyin an yanke naman da ke kewaye da raunin kafin a gasa. Na biyu kuwa, cikin kurciyoyin da ke taruwa da hunturu a yankin Sahel, har da dausayin Haɗeja da Nguru da ke arewa da Bauchi, akwai baƙuwa da ke hayayyafa a Turai ta tsallako Sahara. Yawanta ya ragu a can da fiye da kashi 70 cikin 100 tun 1980, har Faransa da Sifen da Fotugal suka dakatar da harbinta a 2021. Harbin bishiyar kwana da daddare da fitilar goshi, wanda tsofaffin maharba suka ɗauka aikin rago ne, shi ya fi yi wa irin wannan taro illa.

Rashin tsaro ya kuma sauya yadda ake kallon mutum da bindiga a kafaɗa. Maharban Arewa maso Gabas sun yi suna a 2014 da suka taimaki sojoji wajen ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram, kuma a jihar Bauchi ƙungiyoyinsu na aiki tare da jami'an tsaro a dazuzzuka. A gefe guda, kisan matafiya 16 a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, mafarauta da ke kan hanyar komawa Kano waɗanda aka ga bindigogin toka a motarsu, ya nuna abin da zargi ke iya jawowa. Saboda haka ladubban sun sami ƙari. Mai fita harbi a yau yakan tafi da lasisinsa da katin ƙungiyarsa, ya naɗe bindigar ba ɗuri har sai ya isa wurin, ya fara zuwa gaida mai unguwa ko sarkin ƙauyen ya faɗi inda zai zauna da lokacin da zai tashi, ya kuma sanar da makiyayan da ke kusa kafin a ji ƙarar farko.